Rijiyar Kufan Ƙirya

A Sakkwato ruwa ba abin wasa ba ne. Birni na kan tudu, gulbi na can ƙasa, saboda haka duk gidan da ke da rijiya a tsakarsa, maigidan yana tafiya da wani irin taku da maƙwabtansa ba su da shi. A zamanin da nake ba da labari, shekara arba'in da 'yan kai bayan an ci Kware, in ka tsaya a unguwannin arewacin birni ka tambayi wa ya gina rijiyar gidan wane, amsa ɗaya za ka ji, Na'Allah Ba'adare.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshen ƙirgi. Ba shi da yawan magana, har mutane suna cewa zaman rami ne ya cinye masa murya. In ka kira shi aiki, ba ranar zai sa dagi a ƙasa ba. Sai ya yi kwana uku yana kewaya gidanka kamar mai neman allurar da ta faɗi, ya duba inda gara ta yi suri, ya duba ciyawar da ta ƙi bushewa, ya ɗebi ƙasa ya ɗanɗana. In ka matsa masa, ya saɓa daginsa ya yi maka sallama, kai kuma ka ci gaba da sayen ruwan jaki. Abokin aikinsa Yari shi ke riƙe masa igiya shekara ashirin, kuma shi ke yin surutun su biyu. Tsakanin mai shiga rami da mai riƙe igiya akwai amanar da ko tsakanin wa da ƙane ba kullum ake samun ta ba, don wanda ke ƙasa ba shi da hanyar dawowa duniya sai ta hannun na sama.

Na'Allah yana da gida kusa da marina, da mata ɗaya, Bara'atu, da 'ya'ya mata biyu da ya aurar. Yana da wurinsa a sahun masallacin unguwa. In an yi gardamar iyakar gida, ana kiransa shaida, don an san shi ba ya ƙari ba ya ragi. To amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na'Allah ba Ba'adare ba ne, kuma in an bi ta shari'a, shi ba ɗa ba ne ma, bawa ne.

An haife shi a Tungar Ƙirya, tafiyar rabin yini arewa da birni. Mutanen tungar Gobirawa ne da Arawa waɗanda suka bi jama'a tun farkon jihadi, suna da limaminsu da masallacinsu. Ubansa ya ji wa'azin da aka yi a kan tsaga, saboda haka bai bari wanzami ya taɓa fuskar ɗansa ba, ko da yake shi da matarsa Delu suna da tsagar Gobirawa har kunne. Shekarar da aka ci Kware, aka ce mutanen tungar suna kai wa 'yan tawaye hatsi. Ko sun kai ko ba su kai ba, yaro ɗan shekara bakwai bai sani ba. Abin da ya sani shi ne wani Modibbo daga birni ya zo da mayaƙa da hantsi, wani ya saki kibiya daga bayan shinge, wasu kibau suka biyo ta, Modibbo ya faɗo daga doki, shi da mutum biyu. Daga nan mutanensa suka fita hayyacinsu. Ba a tambayi kowa ko yana salla ba, fuska aka riƙa dubawa. Mai tsaga a kashe, yaron da ba shi da ita a ware shi gefe. Da rana ta yi tsaka, aka ja gawawwaki zuwa rijiyar gari, aka bi su da ƙasa da tokar ɗakunan da aka ƙona. Yana tsugune cikin yaran da aka ware ya ga an ja uwarsa ta ƙafa.

Aka ƙirga yaran, aka ce rabon gidan Modibbo ne, marayunsa su gada. A hanyar birni, wajen ƙetare fadama, ya sulale cikin ciyawar burgu ya kwanta har ƙafa ta ɗauke. Wani magini rijiya Ba'adare mai suna Maigandi ya tsince shi, ya dubi fuskarsa, ya dubi ƙafafunsa, bai tambaye shi komai ba. Ya ce wa mutane ɗan ƙanwarsa ne, ya sa masa suna Na'Allah, ya koya masa sana'a. Amma wanda aka raba cikin ganima, ko ya yi shekara ɗari da gudu, yana nan cikin dukiyar gidan, magada su kama shi ranar da suka gan shi, kamar saniyar da ta ɓata. Na'Allah ya san wannan sarai. Shi ya sa ya yi aiki gabas, ya yi yamma, ya yi kudu, amma bai taɓa karɓar aikin da zai fitar da shi ta Ƙofar Kware ba.

Wata kaka, bayan an gama kai gero rumbu, Malam Siddiƙu ya aiko a kira shi. Malam Siddiƙu babban ɗan Modibbon nan ne, malami mai ɗalibai cike da zaure, mutum mai sanyin murya wanda ba a ce masa a'a. A gefensa ƙanensa Tambari na zaune. Shi Tambari yana ciki aka kashe ubansu, bai taɓa ganinsa ba, kuma ya girma da wannan abin a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Malam ya ce, “Na'Allah, ka san kushewar mahaihinmu tana Kuhwan Ƙirya. Kowace shekara muna tahiya ziyara, jama'a na ƙaruwa, ruwa kuwa sai an ɗauko ga jakkai. An hwaɗa muna akwai tsohuwar rijiya wurin, da ruwanta yay yi alwallatai ta ƙarshe. Ita nika so a tone, ta zan sadaka mai gudana gare shi.”

Na'Allah ya ji kamar ƙasa ta zame a ƙarƙashin buzun da yake zaune. Ya ce, “Allah shi gahwarta Malam, tsohuwar rijiya wuyar sha'ani gare ta. Iskanta na kashe mutum. In gina maka sabuwa, ta hi ta ruwa.”

“Ba ruwa kaɗai muka biɗa ba,” in ji Malam. “Waccan muka biɗa.”

Tambari ya ce, “In tsoro kaka ji, Ba'adare, hwaɗi. Akwai Zabarmawa kasuwa, su ba su san tsoron rami ba.”

Nan ne aka kama shi. Ya san aikin waɗanda ake magana, masu sauri ne, abin da dagi ya tono duk guga ke kai shi waje a watsar. Ya hango ƙashin uwarsa a kan tulin ƙasa, karnukan daji na ja. Sai ya ji bakinsa ya ce, “Ni ka zuwa, Malam.” A gida Bara'atu ta lura bai taɓa tuwo ba, ta tambaye shi, ya ce ciwon kai ne. Ta ɗaure masa ƙullin fura ta ce Allah ya tsare.

Suka fita da ayarin ziyara, mutum wajen sittin, da jakuna ɗauke da tuluna. Kufan bai kai yadda yake a ransa girma ba. Fili ne mai tudun ƙasa nan da can inda ɗakuna suka zube, sabara ta rufe komai. Wuri ɗaya ne a share. A gindin wata tsohuwar ƙirya an kewaye kushewa uku da gajeriyar katanga, an zuba musu farin yashin gulbi, an jera duwatsu a kawunansu. Jama'a suka cire takalma, suka zauna, aka yi karatu. Da aka shafa, Tambari ya miƙe ya ba da labarin ranar, yadda yake bayarwa kowace shekara. Ya nuna inda arna suka yi kwanto, ya nuna inda shahidai suka faɗi, ya ce Allah ya ba Musulmi nasara kafin azahar, ba a bar ko mai ba da labari ba. Muryarsa na rawa, kuma ba rawar ƙarya ba ce. Tsofaffi suna share hawaye.

Na'Allah na zaune can baya a kan wani tudun ƙasa. Sai da ya zauna ya gane inda yake, madafar uwarsa ce, ga ma duwatsun murhu biyu sun leƙo daga cikin ciyawa. Da aka ɗaga hannu ana roƙa wa shahidai rahama, shi ma ya ɗaga, ya ce amin tare da kowa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya kuma ji tsoro kada wani ya ga kunyar a fuskarsa.

Masu ziyara suka koma birni. Malam da Tambari da barori huɗu suka kafa bukkoki don su ga aikin. Na'Allah ya san inda rijiyar take kamar yadda ya san inda bakinsa yake, taku arba'in gabas da ƙiryar, amma ya yi kwana biyu yana wasan nema. Ya ɗanɗani ƙasar kudu, ya ƙwanƙwasa ta yamma, ya tsaya gaban suri yana gyaɗa kai kamar suna shawara. Yari ne kaɗai ya lura da cewa maigidansa ya kewaye kufan nan kaf, amma akwai wani ɗan kwari da ƙafarsa ke kauce wa kullum. Rana ta uku da safe Na'Allah ya je ya tsaya a kwarin, ya soka dagi, ya ce nan ne.

Suka kafa gwafa biyu, suka gitta itace, suka rataya igiya. Igiyar Na'Allah tana da ƙulli a kowace gaba, don na sama ya san zurfin da aka kai. Ita ke saukar da shi da safe, ita ke hawa da sauka da guga yini guda, ita ke fitar da shi da la'asar. Bakin tsohon ginin ya bayyana tun ranar farko, Malam ya yi hamdala. Ƙasar cike ba ta da wuyar tono, baƙa ce, sakwa-sakwa, haɗe da toka da gawayi da fasassun tukwane. Kowace rana ƙulli biyu ke shigewa rami. Yari na jan guga yana waƙe-waƙensa, tulin baƙar ƙasa na tashi.

Rana ta huɗu da fara tono, a gaba ta bakwai, dagi ya bugi wani abu da ba dutse ba. Na'Allah ya ajiye dagin, ya matso da fitilar man da yake sauka da ita don gwada iska, ya tona da yatsu. Ƙashin hannu ne, da munduwar tagulla ta yi kore a jikinsa. Ƙarƙashinsa wani, gefensa wani. Sun cakuɗe, babba da yaro, ba a san na wane ba. Duk shekarun nan yana zaton in ya ga uwarsa zai gane ta. Ya ɗauki ƙoƙon kai na farko ya juya shi a hasken fitila, ya ɗauki na biyu, duk iri ɗaya ne, tsagar da aka kashe su dominta ta tafi tare da nama. Ya zauna a cikinsu ya yi kuka ba sauti, don rijiya na kai ƙaramin motsi sama.

“Sarkin rami, lahiya?” Yari ya leƙo. “Guga ya daɗe.”

“Marmara ta, dagi ba ya cin ta,” in ji Na'Allah. “Yi haƙuri.”

Dabarar da ta zo masa ta magina rijiya ce. Ya juya ga bangon gabas ya fara sara a kwance, yana fafe lahadu a jikin ginin, sama da inda ruwa zai taɓa kaiwa. Nufinsa ya jera su ciki su fuskanci alƙibla, ya toshe da laka ya shafe, ya ci gaba da tono kamar ba a yi komai ba. Malam ya sami rijiyarsa, matattu su sami kabari, shi ya koma wa Bara'atu. Dabara ce mai kyau, sai dai ya manta abin da shi da kansa ya sha koya wa mutane, cewa ƙasa ba ta rufa wa kowa asiri. Ta cike baƙa ce. Ta bango kuwa ja ce wur, mai tauri, wadda hannu bai taɓa taɓawa ba tun da aka yi duniya.

Guga na farko da ya fito da jar ƙasa, Yari ya dube shi, waƙarsa ta tsaya. Ya kai ta bayan tuli ya zubar, ya ja baƙa da ƙafa ya rufe. Haka ya yi ta yi ranar, da kashegari. Da suka keɓe da yamma ya ce, “Shekara ashirin ban tambaye ka abin da ba ka hwaɗi ba. Amma ƙasag ga ta hi ƙarhin ƙahwata.” Na'Allah ya ce kwana ɗaya kawai yake nema. Lahadun ya riga ya ci mutum ashirin da wani abu, kuma ƙasan ramin bai daina ba da su ba.

Bai sami kwanan ba. Rana ta shida, wajen azahar, ya cika guga ya girgiza igiya, guga ya hau. Ya jira ya dawo, bai dawo ba. Ya ɗaga kai. Bakin rijiya daga gaba bakwai bai fi faifai ba, kuma igiyar da kullum ke raba faifan nan biyu ba ta nan. Sai wani kai ya rufe rabin hasken.

“Ba'adare,” muryar Tambari ta sauko, rami ya ƙara mata kauri. “Kwana ukku igiya na ga ƙulli bakwai. Ƙasa na hitowa, rami ba ya nisa. Kuma ƙasar ja ta. Ina kaka tona?”

Na'Allah ya dubi lahadun. Yana jin Yari can sama yana rantse-rantse, wani bara na ce masa ya ja baya.

“Tun muna yara muka jin arnan ga sun zuba kuɗɗin wurinsu da tagullassu cikin rijiya. Ka ishe su, kana ɓoyo ga bango, ka komo daga baya kai da abokinka. Ko ba haka ba?”

“Ba dukiya ƙasa, ranka shi daɗe.”

“To mi ad da akwai?”

Fitila ta fara yin ja, harshenta na raguwa. Hawa da saukar guga shi ke motsa iska a rami, in ya tsaya, iska ta kwanta. Na'Allah ya san yana da kamar tsawon sallar Juma'a da huɗubarta kafin kansa ya fara juyawa. Ya ce a kira Malam.

Kan Malam Siddiƙu ya bayyana a gefen na ƙanensa. Na'Allah ya ce, “Allah shi gahwarta Malam, mutane na. Ƙassan mutane, da yawa. Na ƙirga kai talatin da ɗaya, ban kai ƙarshe ba. Lahadu nika yi musu.”

Sai Tambari ya ce, “Su na. Waɗanda sunka kashe baba. Kai kuma wa yas sa ka yi ma arna lahadu cikin rijiyar sadakatai? A hiddo su a watsa daji, a kwalhe ruwa, a wanke.”

Malam bai ɗaga murya ba, amma kowace kalma ta iso ƙasa. “Hukuncin a hili shike. In kahirai na, a hidda su, rijiya ta tsarkaka. In Musulmi na, wanga wuri kushewa ta, ba mu da ikon taɓa ta, kuma da haƙƙin salla bisa wuyanmu shekara arba'in. Amma abin da munka gada shi na ba Musulmi ba na. Ƙashi ba ya magana. Sai da shaida, wanda yas san su da rai.” Ya ƙara sunkuyo da kai. “Na'Allah, kai Ba'adare na, baƙo ga wanga wuri. Tausai ya kama ka, ba laihi na ba. Ce haka nan, in sa a jeho maka igiya, ka hito ka tahi gida, wasu su ƙarasa aikin. Ka yi hankali da abin da za ka hwaɗi bayan wannan. Mutum bakwai ka saurare.”

Na'Allah ya gane Malam ya riga ya gane. Ƙofa ce ya buɗe masa, a buɗe har bango, ba abin da ake nema gare shi sai ya faɗi abin da ya yi shekara arba'in yana faɗa. Ya tuna gidansa, da inuwar zogalen da yake hutawa a ciki, da jikansa da ke koyon tafiya. Yana son gidan nan ƙwarai, kuma bai taɓa jin son sa kamar yanzu ba. Ya dubi lahadun. Ya jera su da kyau, manya a baya, ƙanana a gaba. Ɗaya daga cikinsu Delu ce, bai san wacce ba, saboda haka ba shi da wadda zai ɓoye ya bar sauran.

“Na san su da rai,” ya ce. Ya sake faɗa da ƙarfi. “Na san su da rai, Malam. Sunana Lawwali ɗan Gado, nan anka haihe ni. Ranar da abin yaf faru sun yi sallar asuba cikin jam'i, ni nik kai ma babana buta. Liman na cikin ramin ga, da ladan, da matan da sunka yi azumi tare da uwata. Uwata na ciki, Delu. Ban san wa yas saki kibiya ba. Na shaida Musulmi na, Allah na ji na.”

“Kana cikin ɗiyan da anka ware?” in ji Tambari.

“Ina ciki.”

“To kun ji da bakinai. Bawan gidanmu na, gudajje. Yaya, shaidar bawa ba ta karɓuwa, kai ka koya muna.”

Fitila ta mutu. Na'Allah ya jingina da bango, kunnuwansa na ƙara, yana kallon kawuna biyu a cikin faifan haske, ba ya ganin fuskokinsu.

Malam ya ce, “Alƙali bai yanke ba tukuna. Mutumin da nis sa cikin ramin ga ɗa na ba bawa ba, an san shi da gaskiya, an sha karɓar shaidatai cikin birni. Muddin yana ƙasa, haka shike. Na karɓa.” Ya numfasa. “In ya hau, wannan magana ta alƙali ta, kuma ba ni kaɗai ad da gadon ba. Ka ji, Lawwali?”

“Na ji, Allah shi gahwarta Malam. A ba ni guga in ƙarasa.”

Guga ya sauko, iska ta biyo shi. A ciki akwai wuta a kasko da rawanin Malam, fari, a naɗe. Na'Allah ya kunna fitila. Bai ƙara tono ba, tunda yanzu ramin duka nasu ne. Ya shimfiɗa rabin rawanin a kan waɗanda ke lahadu, ya yaga rabin ya rufe waɗanda ke ƙasa, ya mayar da munduwar inda ya same ta. Ya kwaɓa laka da ruwan gorarsa ya toshe lahadun, ya shafe da tafin hannu yadda yake shafe aikin da za a biya shi. Ba wanda ya ce ya yi sauri. Da ya gama ya sa dagi da fitila a guga, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya ce su ja. Ya san jan Yari, a hankali, ba fizga, kuma shi ne ya ja shi.

Abin da alƙali ya yanke bayan kwana tara ba ɓoyayye ba ne. Ya ba magadan Modibbo shi, kuma a rinjinsu, ƙauyen bayinsu, ya ƙare kwanakinsa, yana gina musu rijiyoyi. Bara'atu ta bi shi can, ko da yake an gaya mata ba dole. Tsohuwar rijiyar aka mayar mata da ƙasarta, baƙa da ja, aka kewaye ta da ƙaya.

Amma ranar, da ya fito, hasken la'asar ya kashe masa ido, ya tsaya yana layi. Ya kai hannu zai kwance igiyar daga ƙugunsa yadda ya saba, sai Tambari ya ce ya bar ta, ya karɓi ɗaya bakin daga hannun Yari ya miƙa wa wani bara. Yari ya dubi Malam. Malam ya kawar da kai, ya ce a kawo ruwa a yi alwala. Suka tsaya yamma da bakin rijiyar suka fuskanci gabas, Malam a gaba ba rawani, sauran a bayansa sahu ɗaya. Tambari ya daɗe a gefe kafin ya zo ya tsaya a ƙarshen sahu. Na'Allah na tsakiya, laka har gira, baran na kusa da shi riƙe da igiya. Malam ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Sallar gawa ba ta da ruku'u ba ta da sujada, saboda haka igiyar ba ta dame shi ba.